Kazar Ɗori a Birnin Kan Gammo

Mutumin da ya zo ɗaukata inuwarsa ba ta gudun rana. Kowa ya san in rana ta yi yamma inuwa gabas take kwanciya. To tasa wajen ranar ta miƙe, kamar kare ya hango mai gidansa. Ina ganin haka wuƙa ta suɓuce daga hannuna.

Sunana Nomau, ɗori ne sana'ata, gadonsa na yi kaka da kakanni. Ranar wata Laraba ce bayan azahar, ina gona ina yankan karan dawa, don karan ɗori sai mai ƙwari wanda bai sha ruwa ya ruɓe ba. Ban ji takun kowa ba. Ɗaga kaina kawai na yi na ga dogon mutum cikin baƙar riga, fuskarsa kamar ana hangenta ta cikin hayaƙi.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai mai haɗa abin da ya rabu. Ni ne Shamaki Zurma, manzon Magajiya mai mulkin Birnin Kan Gammo. An ce in zo da kai da ƙafarka, in ka ƙi in zo da kai a hannu."

Na ce, "Malam, ni ba na bin majinyaci gida, shi ake kawo mini."

Ya ce, "Wannan ba ya ɗaukuwa."

"Ko raƙumi ne an taɓa kawo mini a amalanke."

"Da ka gan shi da ba ka faɗi haka ba."

Bakina ne kaɗai ke wannan taurin. Na kama karanta ɗan abin da na sani na tsari. Ya tsaya da ladabi har na gama, ya ma gyara mini wuri biyu da na yi tuntuɓe. A nan na san tawa ta same ni.

Ya kama ni a wuyan hannu, ya taki wani suri da ke bakin gonar, surin ya buɗe kamar ƙofar zaure. Muka gangara cikin rami mai zafi, gara kowace kamar akuya suna ratsa mu. Ban saki damin karan da ke hammatata ba, ba don dabara ba, tsoro ne ya ƙanƙame mini hannu. Muka ɓulla a wani fili da ba shi da iyaka. Ranar ƙasar koriya ce, an ɗaure ta da igiya a jikin wani turke da ban ga ƙarshensa ba, tana fisga kamar goɗiya, amma ba ta gaba ba ta baya.

A bakin filin wata kura ta tare mu, girmanta ya yi bukka, hannuwanta na gaba irin na mutane. Ta ce, "Shamaki, wannan ne na huɗu? Bari in gwada shi kafin a ɓata lokaci." Ta miƙo mini hannun hagu. "Ɗan Adam, faɗi abin da ke damun hannun nan. In ka faɗi daidai ka wuce. In ka kuskure, yau da kai zan yi kalaci."

Warin bakinta ya kusa kayar da ni. Na rufe ido, don hannu ya fi ido gani a wannan aiki. Na bi ƙashin daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ban ji inda ya rabu ba, ban ji ƙarar gogar ƙashi da ƙashi ba. Sai a wuyan hannun na ji gaɓa ta bar mazauninta. Na ce, "Ba karaya ba ce, ba tsagewa ba ce. Gocewa ce." Ban jira ta ba ni izini ba na ja na murɗa, ya ce ƙas. Ta kurma ihun da ya sa na zauna daɓas. Ta juya hannun, ta sake juyawa, sannan ta kauce daga hanya tana cewa, "Kaico, nama ya wuce ni."

Shamaki ya ce, "Daga nan kada ka tsaya. Wannan ita ce Ƙasa Mai Haɗiya, duk abin da ya tsaya a kanta nata ne."

Muka kama sauri, ƙasar tana tsotsar tafin ƙafata kamar bakin maraƙi. Can gaba na ga wasu tukwane uku a jere, da muka matso sai na ga kawunan mutane ne, an binne su zuwa wuya, da ransu. Ɗaya ya ce, "Bawan Allah, mece ce sana'arka?" Na ce ɗori. Ya ce, "Ni maƙeri ne, na ce zan haɗa karayar da wuta. Wannan magini ne, ya ce zai liƙe da laka. Wancan baduku ne, ya ce zai ɗinke. Roƙi Allah ya sa kai ka fi mu." Na so in tsaya, Shamaki ya fisge ni.

Abin da na ɗauka tsauni ne a gabanmu, ashe mutum ne a zaune. Jigo ke nan, ɗan dakon birnin. A kansa akwai gammo, gammon kuwa wani maciji ne da ya naɗe kansa, a kan macijin kuma birni ne sukutum da ganuwarsa da ƙofofinsa. Tun farkon zamani Jigo ke yawo da shi. Yana ratsa wannan ƙasa ne ƙafarsa ta hagu ta faɗa wani tsohon rami, ƙwaurin ya karye, ya zauna. Ya ɗora ƙafar a kan wani dogon dutse, sauran jikinsa kuwa ƙasa tana ci, ta riga ta kai masa cibiya.

Shamaki ya ɗora ni kan ƙwaurin na taka shi da ƙafa. Tafiyar da na yi daga idon sawu zuwa inda ya karye ta kai daga gidana zuwa kasuwa. Fatar ba ta fashe ba, amma kan ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa, wurin ya kumbura ya yi tudu. A raina na ce, wa zai ja wannan? Da wane kara za a ɗaure shi? Sai na tuna da kawunan nan uku.

Guguwa ta kwashe mu zuwa cikin birnin. Komai a karkace yake. Rijiyoyi suna zubar da ruwa a kan hanya, an ɗaure gidaje da igiyoyi kada su gangara. Mutanen garin ba su da ƙashi ko ɗaya a jikinsu, lanƙwasa suke kamar hayaƙi, amma ƙashi ne abincinsu. Na ga an kasa shi a faifai a kasuwa, har ana tayi. Duk inda na gifta sai su bi gwiwoyina da kallo suna haɗiyar yawu.

Magajiya tsohuwa ce ƙarama, gashinta fari ya cika fadar har an yi shimfiɗa da shi. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, masu lissafinmu sun ce nan da kwana talatin ƙasa za ta kai wa Jigo hammata. In ta kai, ba zai ƙara tashi ba, mu da birninmu mun zama nata. Ka tashe shi, ko ka riga mu shiga cikinta."

Baki shi ke yanka wuya. Tun da muka shigo ban ji carar zakara ba, ban ga ko gashin kaza ba, sai na ga kamar na sami ƙofa. Na ce, "Ranki ya daɗe, aikin ba ya yiwuwa sai da kaza. A gidanmu in za a yi ɗori sai a karya ƙafar kaza daidai inda majinyaci ya karye, a ɗaure su tare. Ranar da kaza ta taka, ranar majinyaci zai taka. A mai da ni gida in ɗauko." Niyyata in na ga gida, ko da sarƙa ba mai sake fito da ni.

Ta ce, "Ƙofar suri sau biyu take buɗewa ga mutum ɗaya, zuwa da komawa. Mece ce kaza?"

Na ce, "Wata halitta ce mai ƙafa biyu, a gidan maɗori take kwana, hatsinsa take ci."

Magajiya ta dubi ƙafafuna ta ƙirga su da yatsa. Ta ce, "Biyu. A ina kake kwana? Hatsin wa kake ci?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, tsaya! Wallahi dabara ce kawai! Mutum ba ya son zama, sai ya ga kaza tana ɗingishi yake haƙura ya kwanta. Shi ke nan amfaninta!"

Ta ce, "A ƙasarku dabara ce. A tamu, magana in ta fita daga bakin mai sana'a ta zama doka."

Aka kawo gashi ɗaya daga ƙafar Jigo, kaurinsa kamar igiyar guga, aka ɗaura mini a idon sawun hagu, ya tsuke ya koma kamar zare. Magajiya ta ce, "Daga yau ƙafarka ƙafarsa ce. In ta warke ya warke. In ta lalace, mun lalace tare da kai." Shamaki ya durƙusa ya ce, "Ka yafe ni, maɗori." Ya ɗora yatsa ɗaya a ƙwaurina.

Ƙarar karyewarsa kamar an taka busasshen kara. Shekara ashirin da bakwai ina karya kaji, ban taɓa tambayar ko ɗaya ba ko da zafi. Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa. Na yi ihu, na kira sunan uwata da ta daɗe a ƙasa, na yi amai.

Da numfashina ya dawo na ga ba mai yi mini sai ni. Na ce wani ya riƙe ni ta hammata, Shamaki ya kama diddige. Na ce, "Ja a hankali, kamar kana jan guga cike da ruwa. Kada ka fisga, kada ka saki sai na ce." Ya fara ja. A ƙarƙashinmu Jigo ya yi wata kuwwa da ta zubar da katangar fada, ƙafarsa tana miƙewa ita kaɗai ba mai taɓa ta. Na sa yatsuna a kan naman ina laluben bakin ƙashin, gumi yana shiga idona. Na danna na sama, na tallabo na ƙasa, har na ji baki ya sami baki. Na duba babban yatsa ya yi layi da ƙoƙon gwiwa. Na yage rigata na shimfiɗa a kan fatar, na jera karan nan kewaye da ƙwaurin, na naɗe da rawanina, ba tamau ba, yadda yatsa zai iya shiga, don sabuwar karaya kumbura take. Daga nan ban san inda kaina yake ba.

Sanyi ne ya tashe ni. Ƙafar ba ta ciwo ko kaɗan, wannan kuwa shi ne abin tsoro. Na duba na ga yatsuna sun yi baƙi kamar an tsoma su a marina. Ashe ina sume suka ga ɗaurina sako-sako, suka ƙara da tsirkiya suka tamke, wai don ya yi saurin kamawa. Na leƙa ta kan ganuwa na ga yatsun Jigo sun yi shuɗi, wasu ungulaye kamar rumbuna suna ta kewaya su.

Na manta da wa nake magana. Na ce, "Wane jakin ne ya yi wannan? Ku kawo wuƙa! Ƙafa da jini take rayuwa, kun shaƙe ta kamar akuya!" Shamaki ya yanke tsirkiyar da farcensa. Na ɗora ƙafar a kan turmi, na danna farcen babban yatsa na saki. Fari fat, bai komo ba. Na sake dannawa. Na yi ta yi ina salati, na ma riga na fara tunanin inda za a yanke. Can sai na ji kamar an zuba mini tururuwa dubu daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, farcen ya yi ja. Ban taɓa murna da azaba ba sai ranar. Magajiya tana tsaye a kaina, ta ce, "Tun da aka kafa birnin nan ba a taɓa kiran ɗan fadata jaki ba." Na ce, "Ranki ya daɗe, tun da aka kafa shi ba a taɓa yin aikin jaki irin wannan ba." Daga ranar dai ba wanda ya ƙara taɓa ɗaurin.

Sai zama. Rana ba ta faɗuwa a can, wani baƙin tsuntsu ne ke gifta ta sau ɗaya, shi ne kwana. Ina ƙulla zare duk giftawarsa. Na ce a riƙa ba ni nono da kifi da romon ƙashi, suka yi ta mamakin wanda ke shan ruwa ya zubar da abincin. Wasu tsofaffi kan zo su zauna nesa kaɗan suna shinshina ƙafata, ɗaya har ya tambayi Shamaki ko in abin bai yiwu ba za a raba ta ne ko ta fada ce. Barci sai dai in saci kaɗan da ido ɗaya.

Kwana bakwai kumburi ya saɓe, na kwance na shafa man shanu na sake ɗaurewa. Kwana goma sha biyar ƙaiƙayi ya fara, na ji wani ƙulli ya taso a wurin, mai taushi kamar danƙo. Shi ne ke zama ƙashi in an bar shi. Ƙasa kuwa ba ta jira. Ta wuce cikin Jigo, ta kama haƙarƙari. Da, in iska ta juyo nakan jiyo maƙerin nan yana kiran sallah daga nesa. Ranar kwana ashirin ban ji shi ba, ban kuma ƙara ji ba.

Ranar ashirin da tara Magajiya ta zo da kanta. Ta ce, "Ya kai maɗori, saura taƙi ɗaya ƙasa ta kai hammata. Tashi ka taka."

Na ce, "Ƙwaurin babban mutum kwana arba'in ne mafi ƙaranci, wani ma sai sittin. In na taka yau zai sake ɓallewa, karaya ta biyu kuwa ta fi ta farko muni. Majinyacin da ya yi mini haka korarsa nake daga gidana."

"In ka kai gobe, ba gida ba maɗori."

Gaba kura baya sayaki. Can na ce, "To a ba ni sanda mai baki biyu, tsawon hammatata. A ba Jigo tasa."

Ta ce, "Mece ce sanda?"

Waɗanda ba su da ƙashi ina za su san dogarawa? Na kwatanta musu, suka kawo mini wata gwafa. Ta Jigo ce ta gagara, don babu itacen da ya kai ko gwiwarsa. Na ɗaga kai na nuna turken da aka ɗaure rana. Fada ta ɗauki kururuwa. Magajiya ta ce, "In aka tuge shi rana za ta tafi. Kakanninmu sun ce bayanta akwai wani abu wai shi duhu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, duhu ba ya kisa. Mu kullum a cikinsa muke kwana, mu tashi mu ci ɗumame."

Sai ta ɗaga wa Jigo hannu. Jigo ya miƙa dantse ya tuge turken kamar mai tuge rogo. Igiya ta tsinke, rana ta zabura ta yi yamma a guje, inuwoyin garin duk suka bi ta.

Na sa gwafa a hammata, na tattara nauyina kan ƙafar dama, na ce bismillahi na yunƙura. Abin da ban lissafa ba shi ne a kan Jigo nake tsaye. Ina tashi ya tashi, ƙasa ta sake shi da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo, birnin ya yi tsalle, na tafi luu na dira da dukan nauyina kan ƙafar hagu. Na ji ƙullin ya lanƙwasa. Bai ɓalle ba, lanƙwasawa ya yi kamar ɗanyen kara. Jigo ya yi gurnani ya karkata, gidaje suka tsinke igiya suna gangarawa, jama'a suna ihu. Na cije leɓe har jini, na ɗage ƙafar, na ce a raina, sanda, dama. Sanda, dama. Duk takuna ɗaya a tsakar fada, Jigo ya haye tafiyar yini. A taku na goma sha tara na ji ƙarar turken a kan fako, ƙasa mai tauri. Na zube, shi ma ya zauna.

Sauran kwanakin a kwance na yi su. Na so in gyara lanƙwasar amma ƙullin ya riga ya kama, taɓa shi ɓarna ne. Ranar hamsin na taka ba sanda, Jigo ya miƙe da birninsa, ya ɗan karkata hagu amma yana tafiya. Na ce a kwance mini gashin nan. Magajiya ta ce, "Duba." Na duba, babu shi, ya shige cikin nama. Ta ce, "Abin da aka ɗaure da doka ba ya kwantuwa. Ka sauka lafiya, ya kai maɗori, ka kuma riƙa duba inda kake sa ƙafa."

Shamaki ya fito da ni ta surin. Wuƙata tana nan inda ta faɗi, ko la'asar ba a kira ba.

Na ɗingisa zuwa gida. Yayana Korau, wanda shi ya koya mini ɗori bayan rasuwar mahaifinmu, yana zaune a ƙofar gida. Ya ce, "Kai kuma lafiya? Da safe garau ka fita." Ya zaunar da ni ya shafa ƙwaurin sama da ƙasa, ya ɓata fuska. "Wannan ai karayar wata biyu ce, ta kuma haɗe a karkace. Ta gaza 'yar'uwarta da yatsa biyu. Wane ɗan koyo ne ya yi maka wannan ɓarna?"

Na ce, "Ni ne."

"Ka ji kunya, Nomau. Wa zai kawo ƙafarsa wurin maɗori mai ɗingishi? Kwanta. Yanzu zan ɓalle ta in sake jerawa, kwana arba'in ka miƙe kamar kibiya."

Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da zan yi wa wani ke nan. Kafin in buɗe baki ya riga ya ɗora ƙwaurina a kan gwiwarsa, hannu ɗaya sama, hannu ɗaya ƙasa. Ban taɓa ɗaga wa Yaya hannu ba tun ina yaro, amma ranar na damƙi wuyan rigarsa har ya yi tari.

Na ce, "Yaya, sauke hannunka a hankali. Akwai gari a kanta."

Ya ce na haukace, har yau kuma bai canja magana ba. Masu kawo mini karaya sun ragu, rabinsu sun koma wajensa. In na zo bakin kwata, wadda ko tsohuwa tsallake ta take, sai in bi ta can nesa in kewayo, mutane suna dariya. Su yi ta yi.